Ganuwa da Zaure: Tsoro da Neman Tsaro a Idon Kirista

Tun da fari ya kamata in faɗa muku inda na tsaya, don kada wani ya ce an shammace shi. Ni Kirista ne, kuma da idon Kirista zan dubi al'amarin da za mu tattauna. Na san yawancin masu saurarona Musulmi ne, ban kuwa zo don in yi wa kowa wa'azi ba. Amma cutar da zan yi magana a kanta ba ta tambayar mutum inda yake ibada kafin ta kama shi, saboda haka ina ganin kowa zai sami rabonsa a cikin zancen.

Shekaru da dama da suka wuce, sa'ad da nake koyarwa a wata makaranta a ƙasar Sule Tankarkar, babur ɗina ya taɓa lalacewa da dare kusa da wani ƙauye a hanyar Danzomo. Na tura shi har ƙofar gidan da na fara tararwa, na yi sallama. Wani dattijo ya fito da fitilar ƙwai, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, na ci na kwanta. Bai tambaye ni sunana ba sai da gari ya waye. Da ya ji sunan, ya gane ba Musulmi ba ne ya kwana a zaurensa, abin da ya ce kurum shi ne, da na faɗa masa tun jiya da bai tashe ni da asuba ba.

Da Allah ya hore mini na gina gidana a birni, na kewaye shi da katanga wadda ta fi tsawon mutum, aka shimfiɗa waya mai ƙaya a bisanta, aka sa ƙofar ƙarfe mai ɗan rami na leƙen mai buga ta. Ban yi zaure ba. Magini bai tambaye ni dalili ba, domin a unguwar duka ba mai zaure. To, yau da jikan dattijon nan zai tsaya a ƙofata da tsakar dare da lalataccen babur, ni da ku mun san abin da zai faru. Wannan tazara da ke tsakanin gidansa da gidana ita ce kan laccata.

Mai saurin amsa zai ce zamani ne ya lalace, mutanen dā ba su san hatsarin da muka sani ba. Tarihin ƙasar Gumel bai goyi bayan wannan magana ba. Masarautar da Mangawa suka kafa a wajajen 1750 ta zauna ne tsakanin manyan wutace: Barno ta gabas wadda ake kai wa gaisuwa, Damagaram ta arewa, Haɗeja da Kano waɗanda suka shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato alhali Gumel ba ta shiga ba. Yawancin ƙarni na 19 ya ƙare ne cikin yaƙi da Haɗeja da harin Damagarawa masu kama bayi, har zuwa 1903 da Turawa suka iso. Manomi a wannan zamani yakan fita gona bai tabbata zai kwana a ɗakinsa ba. Don haka garuruwa suka kewaye kansu da ganuwa, ƙauyuka da kafi. Amma fa ganuwa tana da ƙofofi, kuma da hantsi a buɗe suke. Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta Gumel a 1851, ya tarar da kasuwa cike, ita ce babbar matattarar cinikin kanwa tsakanin Barno da ƙasashen yamma. Watau mutanen da suka fi mu dalilin tsoro sun gina katanga ɗaya ta gari duka, mai kuɗi da matalauci da baƙo suna cikinta tare, sa'an nan kowane magidanci ya bar zaurensa a buɗe. Mu kuwa mun rushe ta garin, kowa ya gina tasa shi kaɗai.

A ina muka koyo wannan? Ba zan ɗora wa Bature laifin kome da kome ba, amma a nan yana da hannu. Bayan da aka gano a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka yanke shawara cewa 'yan ƙasa, musamman ƙananan yara, su ne taskar cutar. Sai aka tsara, a zamanin Gwamna Lugga, cewa tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata a bar fili na yadi 440 ba gini. Sauro dai bai karanta dokar ba, kuma kuku da boyi suna kwana a bayan gidan Baturen. Abin da filin ya tsare ba lafiya ba ce, zumunci ya tsare. Da aka sami mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata suka gaji gidajen, suka gaji kuma tunanin cewa alamar mutum ya ci gaba ita ce nisansa da jama'a. Ina faɗin haka ne a gaban ma'aikata ba don in ci musu fuska ba. Ni ma da an ba ni gida a can da na karɓa da hannu biyu.

Yanzu mu je Maigatari. Iyakar da ta raba ta da Dungas da Magarya, Ingilishi da Faransi ne suka shata ta, suka kafa duwatsunta tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa tsakanin dangi da dangi, gona da rijiya. Duk da haka kasuwar ranar Alhamis ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, shanu da raƙuma da tumaki suna gangarowa daga Nijar, hatsi da kayan masarufi suna haurawa. Sau uku a cikin shekaru arba'in gwamnati ta rufe wannan iyaka. An rufe ta a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, abin kuwa ya zo daidai da fari da yunwa, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sāke rufewa a watan Agusta na 2019 don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai, aka ƙara da hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, sai a watan Disamba na 2020 aka buɗe Maigatari tare da Illela da Seme da Mfum. Sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sāke garƙamewa har zuwa Maris na 2024.

Kowace rufewa da hujjarta, kuma hujjojin ba na banza ba ne. Amma ina so ɗalibai su yi wa kowace doka ta tsaro tambaya guda: wa ya biya kuɗinta? Babban ɗan fasa-ƙwauri yana da mota mai ƙarfi, ya san hanyoyin daji, ya san hannun da zai cika. Wanda ya biya shi ne dillalin awaki, da mai tura kura, da matar da ke sayar da fura a bakin kara, da mai jinyar da aka rasa man da za a kai shi asibitin Gumel. Wanda ya sa hannu a takardar yana Legas ko Abuja, ya kwana lafiya. Haka aka yi a Zamfara a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako don a matsa wa 'yan bindiga. Haka kuma a farkon 2023 bayan da aka canja fasalin naira, ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne hana biyan kuɗin fansa, sai ga mai sa a kasuwa ya rasa mai saye, mai saye ya rasa takardar kuɗi. Garin neman gira an sha rasa ido, idon kuwa kullum na talaka ne.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koya mini a kan wannan? Abu na farko, bai hana tanadi ba. Rumbu ba zunubi ba ne, rigakafi kuwa ya fi magani a kowane addini. Labarin Yusufu, wanda ni da ku duka muka sani, labarin ma'aikacin gwamnati ne da ya tara hatsi shekara bakwai ya ceci ƙasa. Sai dai mu Kirista mun cika tsayawa a sura ta 41 ta Littafin Farawa, ba mu cika ƙarasawa zuwa ta 47 ba. A can an nuna yadda yunwa ta tsananta, Masarawa suka sayi hatsi da kuɗinsu har ya ƙare, suka ba da dabbobinsu, daga bisani suka ba da gonakinsu da kawunansu, ƙasa duka ta zama mallakar Fir'auna. Rumbun da ya cece su shi ne ya mallake su. Da ka buɗe littafin da ke biye, na Fitowa, sai ka tarar da wani Fir'auna yana duban Isra'ilawa yana lissafi: sun yi yawa, in yaƙi ya zo za su iya haɗa kai da abokan gaba. Ba su yi kome ba tukuna. Saboda abin da za su iya yi aka ba da umarni a kashe jariransu maza. Waɗanda suka ƙi bin umarnin ungozomomi ne guda biyu, kuma littafin ya adana sunayensu, Shifra da Fu'a, alhali sunan sarkin bai adana ba.

Haka labarin Nehemiya, wanda fastoci ke so su karanta ranar da ake tara kuɗin katangar majami'a. Gaskiya ne ya gina garun Urushalima, maginansa suna aiki da makami a kusa. Amma ana tsakar ginin, a sura ta 5, talakawa suka ta da kuka cewa manyansu na cikin gari sun karɓe gonakinsu jingina, 'ya'yansu mata sun shiga bauta saboda bashi. Sai da Nehemiya ya tara manyan ya sa suka mayar. Maƙiyin da ke wajen garu kowa yana ganinsa. Na ciki shi ne wanda maganar tsaro ke rufa wa asiri.

Amma wurin da abin ya fi taɓa Kirista shi ne labarin Almasihu kansa. Na san 'yan'uwana Musulmi ba su ɗauki gicciyen yadda muka ɗauka ba, ina faɗin abin da muka gaskata ne. Bisa ga Linjila ta hannun Yahaya, sura ta 11, majalisar da ta yanke shawarar kashe Yesu ba taron 'yan fashi ba ne. Taron dattawa ne masu hankali, masu kishin ƙasa, suna tsoron kada taron jama'a ya jawo fushin Romawa su rushe Haikali. Babban firist Kayafa ya yi lissafin da kowane mai mulki ya iya, watau asarar mutum ɗaya ta fi asarar al'umma sauƙi. Gwamna Bilatus kuma, ko da yake bai sami laifi ba, ya ga tarzoma na shirin tashi, ya tuna da kujerarsa. In da a yau ne da mun kira wannan zama taron majalisar tsaro. Bayan kamar shekara arba'in, a shekara ta 70, Romawa suka rushe Haikalin duk da haka. Mutumin da ke ɗauke da wannan labari a zuciyarsa bai kamata ya ji an ce "saboda tsaro" ya rufe bakinsa nan take ba.

Wataƙila wani a bayan ɗakin nan yana cewa a ransa, malamin nan bai taɓa jin ƙarar bam ba. Na ji. Ina Kano ranar 20 ga Janairu 2012. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu na wannan shekara aka auka wa Kirista masu sujada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero, aka kashe malamai da ɗalibai. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka yi wa masallata irin wannan a babban masallacin Kano. A Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, ba kuwa mai yi masa dariya sai wanda bai san dafi ba. Ban ce a cire mai gadi ba, ban ce a daina binciken jaka a ƙofa ba. Abin da nake cewa shi ne tsoro bawa ne mai amfani, amma in ya hau gadon sarauta ba ya ƙoshi. Ka yi katanga, ya ce a ƙara waya. Ka sa waya, ya ce a sa kyamara. Ka sa kyamara, sai ka kwana kana kallonta a waya. Abin da mutum ke duba da farko in ya farka, yake kashe wa dukiyarsa ba ciniki, yake yi wa hadaya da maƙwabcinsa, a harshen addinina sunansa gunki, ko da ba a sassaƙa shi da itace ba. Yesu ya ba da misalin wani mai arziki da gonarsa ta yi albarka, ya rushe rumbunansa don ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta. A daren nan aka karɓi ran. Ba a zarge shi da sata ba. Wautarsa ita ce ya zaci abin da ya kulle shi ne ke riƙe da shi.

Akwai tsaro na gaskiya, kuma yana da alama. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola, ya matsa a sallame shi daga asibiti, Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi. Ta tsare shi, ta tsare ƙasa, cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan mutane, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban masu bindiga. Ɗaya ta rufe ƙofa, ɗaya ya buɗe, amma aikinsu iri ɗaya ne: kowannensu ya ɗora hatsarin a wuyansa. Irin wannan ne ya sa ma'aikatan mishan da 'yan ƙasa suka zauna da kutare a Yadakunya tun kafin a sami maganin da ke warkarwa, lokacin da dangin kuturu na jini ke miƙa masa abinci daga nesa. Ɗaya nau'in kuwa, wanda muka gani a Maigatari, mai yinsa yana sayen kwanciyar hankalinsa ne da wahalar wani.

Ma'aikata, ku yi mini haƙuri, zan shigo ofis. Ba ku da ikon rufe iyaka, amma kowannenku yana da ƙaramar iyaka a kan teburinsa. Fayil ɗin fanshon wata gwauruwa yakan yi wata shida yana yawo, ba don wani ya ci hanci ba, sai don kowa na tsoron ya zama shi ne ya sa hannu. A rubuta "a duba", a tura sama. A rubuta "a ba da shawara", a dawo da shi ƙasa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji mu, har ƙin tashi ya zama shi ne aikin. A kan hanyar Kano zuwa Gumel mota takan faɗi, masu wucewa su rage gudu su duba su wuce, don kowa ya ji labarin wanda ya ɗauki mai rauni ya kwana yana amsa tambayoyi. Alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko ba takardar 'yan sanda. Doka ta canja, tsoro bai ji labari ba. A misalin Basamariye da ke cikin Linjila ta hannun Luka, mutane biyu da suka ratse suka bar wanda 'yan fashi suka jikkata malaman addini ne, kuma kowannensu yana da hujja mai kyau: hanyar Yariko ta yi ƙaurin suna, wa ya sani ko tarko ne. Ba na tsammani mugaye ne. Masu taka-tsantsan ne kamarmu.

Na fara da gidana, bari in koma ga laifina. A shekarar 2012 ina cikin kwamitin wata majami'a. Muna da famfo a harabarmu, matan unguwa da almajirai suna ɗiban ruwa tun kafin a haifi wasunku. Bayan harin nan na Afrilu muka zauna muka yanke shawara a kulle ƙofa duk mako, ni ne ma na rubuta bayanin taron. Ba wanda ya yi gardama, don kowa ya ga gawa. Akwai wata tsohuwa Musulma da takan zo da tulunta kowace safiya, ta san sunan 'ya'yan mai gadi ɗaya bayan ɗaya, kuma ita ce takan gaya masa in ta ga baƙuwar fuska tana kewaya wurin. Ta zo ta tarar da kwaɗo. Ta yi kwana uku tana zuwa, ta daina. Sai daga baya muka lura mun kulle idonmu na unguwa a waje. Da aka ta da maganar a kwamiti bayan shekara biyu, wani dattijo ya kawo shawara a fasa katanga a fitar da bakin famfo ɗaya waje, ƙofa ta zauna a kulle, ruwa ya fita. Aka yi haka, kuɗin bututun bai kai na buhun siminti biyu ba. Mata sun dawo, almajirai sun dawo. Tsohuwar ba ta dawo ba. Da na tambaya aka ce ta koma ƙauyensu wajen ɗanta, kuma a cikinmu duka, har da mai gadi, ba wanda ya san sunan ƙauyen.

Shugaba, na ga ka duba agogo.